Kifin Bakolori: Kwando a Cike, Gulbi na Ramewa

Kifin gulbi da ambaliya yake haihuwa. Idan ruwan damina ya cika Gulbin Sakkwato ya malala fadamu, tarwaɗa da karfasa da kurungu kan bi shi cikin ciyayi su zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da mafaka har su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Shekarar da ambaliya ta gaza, baɗi masunci zai gani a komarsa.

Wannan tsarin ne madatsar Bakolori ta taɓa. An kammala ta a 1978 a ƙasar Maradun, ta tara tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000 don noman rani a Talata Mafara da Bakura. Sama da madatsar masunta sun sami ruwan da ba ya ƙafewa. A gangare kuwa ambaliya ta ragu, kuma binciken da W. M. Adams, masani ɗan Ingila, ya wallafa a 1985 ya nuna kamun kifi ya ja baya a ƙauyukan da ke can.

Amma kada a ɗora wa madatsa laifin duka. Akwai ruɗin da rani ke yi wa masunci. Da ruwa ya janye, kifin da ya watsu a fadama kan tattaru a 'yan gurabe, jifa ɗaya na birgi sai kwando ya cika. Mai kamu ya ce kifi ya yi yawa bana, alhali iyayen baɗi yake kwashewa. Shi ya sa yawan kamu ba ya faɗin gaskiyar gulbi, girman kifin ne ke faɗa. Giwan ruwa da yauni, masu jinkirin balaga, su ke fara ɓacewa. Karfasa kuwa idan an matsa mata sai ta fara haihuwa tun tana 'yar mitsitsiya, ta cika ruwan da ƙanana. Masunci ya ga kifi na zurarewa ta idon raga, ya sayo mai ƙananan idanu, wani ma har ya ja taru da gidan sauro. Daga nan ko ɗan tsako ba ya tsira.

Doka dai akwai ta: dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta zuba guba da tayar da nakiya a ruwa. Sai dai ma'aikacin gwamnati ba ya kwana a bakin gulbi, Sarkin Ruwa kuwa can yake kwana. A Argungu, hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar biki shi ke sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. A ganina abin da Bakura da Maradun ke bukata ke nan: a ware wasu gurabe da ba a taɓawa da rani, a dakatar da taru a farkon damina lokacin da tarwaɗa ke ɗauke da ƙwai, a kuma damƙa tsaron a hannun sarakunan ruwa.