Kwanakin Da Shinkafa Ke Yin Ciki

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal suna da gonar shinkafa a gida, wadda suka bar wa ƙane ko ɗa, su kuwa nasu aika kuɗin taki. Sau da yawa akan aika kuɗin, amma ran girbi a tarar da rabin zangarniya fanko ne. Dalilin wannan yana cikin yadda shinkafa take girma.

Masana aikin gona sun kasa rayuwar shinkafa kashi uku. Kashi na farko shi ne daga tsiro zuwa lokacin da take yin 'ya'ya a gindi, kowane ɗa kuwa yana iya fid da zangarniya tasa. A cikin kararta da saiwarta akwai ƙananan kafofi da ke kai iska ƙasa, abin da ya sa take rayuwa cikin ruwan da zai kashe masara. Wadda ake nomawa a fadamun Sakkwato da Argungu har tsawo take ƙarawa in ambaliya ta taso.

Kashi na biyu shi ne na ciki, watau sa'ad da zangarniya ta soma ƙulluwa a ɓoye cikin kara, kamar kwana 30 zuwa 35 kafin fure. A nan ne ake yanke yawan ƙwayar da kowace zangarniya za ta ɗauka. To, ga irin da ke nuna cikin kwana 120, wannan yakan faɗo wajen kwana 55 zuwa 60 bayan shuka. Takin yuriya da ya iso a lokacin nan ƙwaya yake zama. Wanda ya makara kuwa amfaninsa kaɗan ne.

In kai ya fito, kowane fure da hantsi yake buɗewa, na awa ɗaya ko biyu kacal, ya yi wa kansa barbara, ya rufe. Zangarniya takan gama fure cikin mako guda. Idan ruwa ya yanke a makon nan, ko zafi ya wuce digiri 35, sai ɓuntu ya fito ba kome a ciki. Sanyin hunturu ma haka yake yi wa shinkafar rani in ya same ta tana da ciki.

Kashi na uku, watau nuna, kamar kwana 30 ne. Da fari ƙwayar ruwa ce fari kamar madara, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke tsotse ta, sa'an nan ta yi kauri kamar ƙullu, kana ta yi tauri. Abincin da ke cika ta yawancinsa daga ganyayen sama yake zuwa, musamman na ƙarshe da ke dab da zangarniya, saboda haka cutar da ta ƙone su ta rage awo.

Don haka, mai gona a gida ya kamata ya tambayi ranar da aka yi shuka, ya ƙirga kwanakin, kuɗin taki da na man injin ban-ruwa su isa kafin shinkafa ta yi ciki.