Laftof ɗin Ofis a Shagon Buga Takardu: Ba Fomat Take Buƙata Ba

Ɗan garin Tarai da ke aiki a banki ko wata ƙungiyar agaji a Kano yakan zo gida ƙarshen mako da laftof ɗin ofis. Idan buƙatar buga takarda ta taso, sai ya nufi shagon kwamfuta a Kibiya ko Rano. Filashi ba ya aiki, don ofis ya toshe kafarsa. A haɗa na'urorin biyu a rauta ɗaya, laftof ta yi ta tambayar suna da kalmar sirri, duk abin da aka rubuta ta ƙi. Daga nan sai ka ji mai shago ya ce, "Yallaɓai, wannan sai an yi mata fomat."

Lafiyarta ƙalau. Tsarin mulkin na'urorin ne ya bambanta. Kwamfutar shago tana cikin wakgurup, tsarin da Microsoft ya yaɗa tun 1992: kowace na'ura tana riƙe da sunayen mutanenta, kamar maigida da ya san wanda zai yi wa iso a zaurensa, ba ruwansa da na maƙwabci. Laftof ɗin ofis kuwa 'yar domen ce. Sunan mai ita yana ajiye a wata sabar ta hedikwata, ƙarƙashin Active Directory da ya zo da Windows 2000. Tana buɗuwa a Tarai ne kawai saboda ta adana shaidar shigarsa ta baya. To, idan ta tunkari kwamfutar shago, sunan ofis take miƙawa, sunan da kwamfutar shago ba ta taɓa ji ba.

Gyaran duk a ɓangaren shago yake. A buɗe sabon asusu a kwamfutar shago, a sa masa kalmar sirri, domin Windows ba ya barin asusu marar kalmar sirri ya shigo ta hanyar sadarwa. A saita hanyar a matsayin ta gida, ba ta jama'a ba, a kunna raba fayil da firinta. Sannan a laftof a rubuta lambar kwamfutar shago, misali \\192.168.1.10. Da ta tambayi suna, a fara da sunan na'urar: SHAGO\malam. Wannan 'yar karkatacciyar sandar ita ke gaya mata inda za ta nemi asusun, kuma rashinta ne ke cinye wa mutane yini guda.

Firinta na iya gardama duk da haka, domin tun Agustan 2021 Windows ya hana wanda ba mai kula da na'ura ba saka direban firinta daga wata kwamfuta. Kada a yi kokawa da ita: a mayar da takardar PDF, a jefa a foldar da aka raba, a buga daga can.

Abu biyu ne nake ganin ganganci ne. Na farko, kunna tsohuwar ƙa'idar SMB1 don wata tsohuwar na'ura ta samu shiga. Ta nan cutar WannaCry ta bi a Mayun 2017, har ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Na biyun ya fi muni, wato cire laftof daga domen a mayar da ita wakgurup. Da an sake kunna ta, sunan ma'aikacin ya daina aiki, idan kuma babu kalmar sirrin mai kula da na'urar, shi ke nan, sai Litinin a ofis, da takardar neman bayani a kan tebur.

Kai ma'aikaci, kira sashen kwamfuta na ofishinku tukuna, don wasu ma'aikatun sun haramta wannan haɗin gaba ɗaya. Kai kuma mai shago, kwamfutarka kaɗai za ka saita. Ta ofis ka bar ta yadda ta zo.