Wa Ke Ƙona Lasifikar Masallaci?

A duk shekara, idan watan Ramalana ya gabato, masallatan Lafiya, tun daga na ƙofar fada har zuwa ƙanana na Tudun Gwandara da Bukan Sidi, suka shiga shirin tafsiri da tarawihi, akwai mas'alar da kan addabi kwamitocin masallatai, wato a ɗaura sabuwar lasifika a kan hasumiya, ta yi 'yan makonni tana kai kiran salla nesa, sannan wata asuba ladan ya ɗaga murya a ji shiru. Galibi nan take jama'a kan yanke hukunci, su ce amfilifaya ce ke cinye ta. Amma a garin da sarkinsa, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, ya taɓa zama alƙali a Kotun Ƙoli, bai kyautu a hukunta wanda ake tuhuma, ko da inji ne, ba tare da bayyina ba.

Asalin lasifika, tun da Rice da Kellogg suka fito da siffarta ta yanzu a Amurka a 1925, bai wuce naɗin siririyar wayar tagulla ba, wanda masu gyara ke kira koyil, yana zaune cikin wani ƙuntataccen rami na maganaɗisu. Wutar da amfilifaya ke turo masa tana zuwa tana komawa, shi ma yana gaba yana baya, motsin nan ne ke haifar da sauti, kuma shi ne ke taimaka masa ya huce. Idan transisto ɗaya na bakin fita ya lalace, sai wuta mai tafiya fuska guda, wadda ake kira DC, ta kwararo, koyil ya tsaya cik a gefe guda yana ɗaukar zafi har ya babbake, wani lokaci kafin a ƙare kiran salla. A nan kam laifin amfilifaya ya tabbata.

Hanyar samun yaƙini ba ta da wuya. Mai gyara ya cire wayoyin lasifika baki ɗaya, ya mayar da ƙarar sauti sifili, ya kunna injin, ya juya mitarsa zuwa DC, ya ɗora tsinkayenta biyu a bakin fita. In ya ga ƙasa da milivolt 50, babu illa. In ta haura 100, akwai abin bincike. In kuwa ta nuna volt guda ko fiye, haramun ne a sake jona wa amfilifayar ko da tsohuwar lasifika. Kuma ya kamata ya bar ta ta yi zafi kamar rabin sa'a ya sake awo, domin wata cutar ba ta bayyana sai ƙarfe ya ɗumama.

Sai dai mafi yawan injinan masallatanmu, irin su Ahuja na Indiya da TOA na Japan, suna da taransifoma a bakin fita, wadda ba ta barin DC ta wuce, saboda haka a wurinsu tuhumar kan koma kan mai haɗin waya. A bayan injin akwai wuraren ɗauri, wasu na om 4 ko 8 ko 16, wani na volt 100. Wanda ya ɗauki ƙahon lasifika mai om 16, wanda ba shi da taransifomar kansa, ya ɗaura shi a na volt 100, to bisa lissafi ya buɗe masa ƙofar wat 625, alhali kan ƙahon bai fi ƙarfin wat 40 ko makamancin haka ba. Haka nan wanda ya jera sifiku huɗu masu om 8 a baki ɗaya, ya saukar da nauyinsu zuwa om 2, ya wahalar da injin har ya lalace, daga baya a ce injin ne azzalumi.

Sababi na uku, wanda a ganina ya fi sauran ɓarna, shi ne hannun mai murɗa ƙara. Idan aka matsa wa injin ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, sai sauti ya fashe ya yi kaushi, zafin da ke shiga koyil ya ƙaru, ƙananan sifiku masu siririyar murya su fara mutuwa. Wannan kan yi muni idan wuta ta yi rauni, domin ko da yake tashar Akurba da aka buɗe a 2022 ta ƙara wa garin lantarki, har yau ana komawa ga ƙaramin janareta, kuma injin da bai ƙoshi ba da wuri yake fasa murya. A ƙara da kukan da makirufo kan yi idan ya fuskanci lasifika, wanda shi kaɗai ya isa ya kashe ƙaho.

Saboda haka kada a yi gaggawar jefar da lasifikar da ta mutu, a buɗe ta tukuna. Koyil da ya yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa yana nuna an daɗe ana ɗora masa ƙarar da ta fi ƙarfinsa. Wanda ya ƙone a gefe guda kawai, wato ɓangaren da aka turo waje daga ramin maganaɗisu, yana nuni ga DC. Wanda kuwa wayarsa ke nan ja wur amma takardar lasifikar ta yage, bugu ne ya kashe shi, kamar wanda kan auku idan aka zare makirufo injin na kunne. In koyil ya nuna DC, mita kuma ta gaskata shi, sai a kai injin a sauya masa transisto, a gwada shi da tsohuwar sifika mai araha kwana ɗaya ko biyu, kafin wani ya sake hawa hasumiya.