Yadda Za a Zaɓi Harshen Gina Fuskar Manhajar Ajiye Bayanai ta Ƙaramar Sana'a

Masu ƙananan sana'o'i da ƙungiyoyin gama-kai da dama sun fara ajiye littafin lissafi suna komawa ga kwamfuta wajen rubuta kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da sunayen masu bashi. Ganin haka ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi bayani kan wata shawara da ake yankewa tun kafin a fara aiki, wato harshen da za a rubuta fuskar manhajar da shi.

Irin wannan manhaja kashi biyu ce. Akwai rumbun bayanai, inda ake adana lissafi. Akwai kuma fuska, wato abin da magatakarda ke gani a allon kwamfuta yana cikewa. Misalinsu kamar kanti ne da sitonsa: ana iya sake fasalin gaban kanti ba tare da an taɓa kayan da ke cikin sito ba. Saboda haka muna ba da shawarar a raba su tun farko, a zuba bayanai a rumbu irin su MySQL ko PostgreSQL ko SQLite, sannan a gina fuskar daban.

Hanyoyi Uku da Aka Fi Bi

Ta farko ita ce Microsoft Access, wadda ta fito a 1992, ana kuma sarrafa ta da harshen VBA. Tana da saurin haɗawa, ta kuma dace da shagon taki ko na magani mai kwamfuta ɗaya ko biyu. Sai dai fayil ɗinta ba ya wuce gigabait 2, kuma a kan Windows kaɗai take aiki.

Ta biyu ita ce harshen C#, wanda Microsoft ya fitar a 2002. Da shi ake gina manhajar da ke zaune a cikin kwamfuta, ba ta bukatar intanet, tana kuma ɗaukar aiki mai yawa. Amma tana bukatar ƙwararre, kuma ginin ya fi cin lokaci.

Ta uku ita ce fuskar da ake buɗewa kamar shafin intanet, wadda galibi ake rubutawa da PHP da JavaScript, harsunan da suka fito a 1995. Amfaninta shi ne ana iya shiga ta da wayar hannu daga kowane reshe. Idan aka ajiye ta a wajen kamfanin da ke ba da hayar ma'adana, to akwai kuɗin da za a riƙa biya, kuma duk ranar da layin sadarwa ya yanke, aiki ya tsaya.

A Guji Harshen da Masu Shi Suka Bari

Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998, da Visual FoxPro sun yi tashe ƙwarai a ofisoshi da shaguna. Microsoft ya daina kula da kayan gina manhaja na Visual Basic 6 a watan Afrilun 2008. A 2007 ya sanar da cewa ba zai sake fitar da sabon FoxPro ba, ya kuma janye hannunsa daga gare shi baki ɗaya a Janairun 2015. Duk wanda ya zo da tayin gina sabuwar manhaja da waɗannan a kan farashi mai rahusa, a tuna cewa araha ba ta ado. Bugu da ƙari, guraben cike bayanai na waɗannan tsofaffin harsuna ba sa karɓar haruffanmu masu lanƙwasa sai an yi musu dabara. Don haka kafin a biya kuɗi, a sa mai aikin ya rubuta suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, da alamar naira, a duba yadda suka fito a allo da kuma a kan rasit.

Abin da Ya Fi Muhimmanci

A ganinmu, harshen da ya fi dacewa shi ne wanda ake da masu gyaransa a kusa. Idan mutum ɗaya ne kaɗai ya iya shi a duk yankin, ranar da ya yi ƙaura lissafin jama'a ya shiga haɗari. Ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya cewa mai aikin zai miƙa ainihin rubutun manhajar da dukkan kalmomin sirri ga mai sana'a ko shugabannin ƙungiya. A kuma riƙa kwafe bayanai kowace rana ana ajiyewa a wani wuri dabam, saboda gobara ko sata ko lalacewar na'ura.

Daga ƙarshe, muna tunatar da jami'ai da 'yan kasuwa cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Saboda haka kowane ma'aikaci ya zama yana da tasa kalmar sirri, kuma kada fuskar ta nuna masa abin da bai shafi aikinsa ba.