Garajen Bishop Tugwell a fadar Sarki Alu

Masu neman dalilin da ya sa 'yan mishan ba su kafu a masarautun Arewa ba sukan tsaya ga alkawarin da Lugard ya yi a Sakkwato a 1903, cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Amma shekara uku kafin wannan alkawari, wani limamin cocin Anglika ya riga ya rufe wa mutanensa ƙofa da hannunsa. Shi ne Herbert Tugwell, wanda aka naɗa bishop a 1894, bayan rasuwar Samuel Ajayi Crowther da ta Bature Hill da ya gaje shi, ya kuma riƙe muƙamin har 1921. A Kudu an san shi da yaƙi da fataucin barasar da Turawa ke shigowa da ita, har aka maka shi a kotu a Legas a 1899 kan wata wasiƙa da ya rubuta wa jaridar Times. Mutum ne mai naci, kuma nacin nan ne ya ja masa a Kano.

A farkon 1900 ya taso daga Legas da mutum huɗu na ƙungiyar mishan ta CMS, cikinsu har da likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Lugard bai daɗe da ɗaga tuta a Lakwaja ba, ba shi da iko ko na taki ɗaya a ƙasar Kano, bai kuma so tafiyar ba. Tugwell ya yi kunnen uwar shegu. Suka ratsa Zariya, suka shiga Kano a watan Afrilu ba tare da izinin sarki ba. A duba ko wane ne sarkin: Aliyu Babba, wato Alu, wanda ya hau gado da takobi bayan Basasa, yaƙin da Yusufawa, ɓangaren Aliyu, suka ɗaura ɗamararsa a Takai. Ga harin da Damagaram ta kawo masa daga arewa, ga labarin Nasara na cin garuruwa a kudu. Sarki irin wannan ba zai ga farar fata biyar a ƙofar fadarsa ya ɗauka baƙin alheri ba ne. Ya ba su 'yan kwanaki su bar gari. Suka koma Girku, inda Dudley Ryder ya mutu, gidan da suka gina ya ƙone, suka janye zuwa Loko.

Wani zai ce ko da Tugwell bai je ba, Lugard zai hana mishan, tunda mulkinsa ya dogara ga sarakuna, sojojinsa kuwa ba su da yawa. Da ƙanshin gaskiya a nan. Sai dai kafin 1900 wannan zato ne kawai, tafiyar Kano ce ta mai da shi hujjar da jami'an mulki suka yi ta ɗagawa duk sa'ad da aka nemi fili a birnin Musulmi. Wani kuma zai ce ai mishan da soja Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Lalle Tugwell ya yi fatan faɗuwar mulkin Fulani za ta buɗe masa hanya, to amma da Kano ta faɗi a 1903, waɗanda suka ci ta su ne suka hana shi shiga. Miller ne kaɗai ya samu zama a birnin Zariya a 1905, shi ma aka fitar da aikin zuwa Wusasa a 1929.

Da yake a Kudu mishan ne ke ɗauke da karatun boko, rufe musu ƙofa ya bar nauyin a wuyan gwamnatin da ba ta son kashe kuɗi. Makarantar da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma, wanda ya kafa ta, Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa, da rigar CMS ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati.