Kafin Ka Sake Sayen Batir

Shirinmu na musamman na yau daga Wagadugu yake zuwa muku, kuma magana ce da ta shafi 'yan'uwanmu mutanen Zango waɗanda mota ce hanyar abincinsu: direbobin koren tasi, da masu dakon kaya, da dillalan da ke hawo da motoci daga tashar jiragen ruwa ta Lome.

Tun da aka rushe tsohuwar unguwarsu ta Zangouettin a 2003 saboda aikin sabunta tsakiyar gari da ake kira ZACA, jama'ar da a da suke takawa da ƙafa zuwa kasuwar Rood Woko suka watsu zuwa gefen gari, zirga-zirga ta koma sai da abin hawa. Yawancin motocin kuwa irin waɗanda ake kira France au revoir ne, sun ci ƙuruciyarsu cikin sanyin Turai, suka zo tsufa a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Kukan da ake ji a gareji iri ɗaya ne. Mota ta kwana lafiya, da safe a murɗa makulli ta yi shiru. A tura ta, ta tashi. A sayi sabon batir, a samu wata biyu ko uku na kwanciyar hankali, sai ciwo ya dawo. Daga nan sai a ce ai batiran zamani ne ba su da kirki. Gaskiya akwai jabu a kasuwa, amma idan batir na biyu ya mutu irin mutuwar na farko, to a daina tuhumar mai shago, a buɗe gaban mota.

Batir randa ce, alternato kuma shi ne famfon da ke cika ta. In ka tarar randa ba ruwa, ko dai famfo ya daina zuba, ko tiyo ya toshe, ko randar na yoyo, ko kuma wani na ɗiba da dare. Abin da zai raba gardama shi ne ƙaramar mitar awon wuta, wadda kuɗinta bai kai rabin na batir ba.

Malam direba, ga yadda ake yi. Da safe, kafin a tayar da inji, a ɗora mita a kan kawunan batir. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. In ya sauko ƙasa da 12, ya kwanta. Sai a tayar da inji a sake aunawa. Alternato mai lafiya zai ɗaga awon zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. A kunna fitilu da fanka, a ɗan taka totur, a ga ko zai riƙe. In ya zube zuwa 12 da 'yan kai, caji ba ya isa. In kuwa ya haura 15, regilato mai daidaita caji ne ya lalace, yana dafa batir, ruwansa na ƙonewa, har a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke sarrafa cajinsu, awonsu na hawa da sauka da gangan, don haka a yi la'akari da irin motar.

Ko da awo ya nuna caji bai isa ba, kada a yi saurin kwance alternato. A duba fambel: in ya saki ko ya yi santsi, zai riƙa zamewa, shi ne ƙarar nan da ake ji da sassafe. A duba kawunan batir, ko farin gari ya taru a kansu. Sannan a bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji. Wannan waya ta sa mutane asara mai yawa, domin tsatsa da jar ƙurar hanyoyinmu kan cinye ta daga ciki alhali daga waje tana nan kamar lafiya lau. A tsofaffin motoci da dama, har ɗan ƙwan fitilar batir da ke gaban direba yana da hannu wajen tayar da caji. In ka murɗa makulli ba ka ga ya kama ba, ka gaya wa mai gyara.

A cikin alternato kansa, sau da yawa wasu ƙananan gawayi biyu ne suka cinye, kuma ana sauya su da kuɗi kaɗan. Mugun ɓarawo shi ne diyod, mai hana wuta komawa baya. In ɗaya ya ƙone, mota za ta iya nuna tana caji da rana, da dare kuma wuta ta riƙa komawa baya tana tsiyayewa. Ana kama shi ne da mita bayan an kashe komai an rufe ƙofofi. Abin da mota ke ja tana barci bai kamata ya wuce miliamfa 50 ba, ko kusa da haka. In ya wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har awo ya faɗi. Rediyo da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba ma yakan yi wannan ta'asa.

Akwai al'ada ɗaya da nake roƙon iyayen gidanmu masu gareji su hana yaransu, wato cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. A motar da ke da kwamfuta, wannan gwaji na iya harba wuta mai ƙarfi ta ƙona diyod ko kwamfutar kanta, gyaran jaka biyar ya koma na jaka ɗari.

Batirin da ya kwanta sarai kuma, a kai shi wurin caji ya cika kafin a mayar. Alternato ba zai iya cika shi da 'yar tafiya daga gida zuwa kasuwa ba, sai dai ya yi zafi ya gaji. In batirin mai murfi ne, a riƙa leƙa ruwansa lokacin bazara, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da na famfo, ban da asid.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya, wassalamu alaikum.