HAYAƘI A CIKIN ZUCIYA: KADA A YI GAGGAWAR BARIN MAGANI

Daga Wakilinmu, Fatakwal

Akwai wani ciwo da ke sa zuciya ta rikice, ta riƙa bugawa barkatai ba tsari. Sau da yawa hawan jini ne ke jawo shi, ko ciwon maƙogwaro na yarinta da ya lalata ƙofofin zuciya, irin wanda ya yi yawa a Arewa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin gyara shi ita ce a sa majinyaci barci, a ba shi jan lantarki a ƙirji, sai bugun ya koma daidai. Wani likitan Amurka, Bernard Lown, shi ya fito da wannan dabara a 1962.

To, amma akwai sauran rina a kaba. Idan likita ya zura na'urar ɗaukar hoto da sauti ta hanyar abinci, ya leƙa zuciya daga baya, jini mai gudu baƙi yake fitowa a allo. Jinin da ya kwanta kuwa, ƙwayoyinsa kan manne da juna, sai a ga kamar hayaƙi yana murɗawa. A 1993 likitoci a Cleveland ta Amurka suka nuna cewa bayan jan lantarkin, hayaƙin nan yakan bayyana ko ya ƙaru a jikin waɗansu. Dalili kuwa, ɗakin sama na hagu na zuciya yakan sandare, ya yi kwanaki ko makonni bai matsa jini sosai ba. Jinin da ya kwanta yana iya zama guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini, kamar warfarin, mako 3 kafin aikin, sai fa in hoto ya nuna babu guda, sa'an nan aƙalla mako 4 bayansa.

Saboda haka 'yan'uwa na Borokiri da Anaca da Inugu, wanda aka yi wa wannan aiki kada ya ce ya ji sauƙi ya ajiye magani, ya hau mota ya tafi gida Salla. Ya koma ranar da likita ya sa masa. Akwai likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, da na Inugu, wanda ya fara yin tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya a 1974.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.